Tsarabar Mai Masauki: Me 'Ya'yanmu Za Su Riƙa In Za Su Karatu Waje?

Duk shekara, da zarar watan Yuli ya kama, akwai gidaje a Nima da Sabon Zango a nan Ankara babban birninmu, da Aboabo a Kumasi, da Tamale, waɗanda barci kan ƙaurace musu don murna da zullumi. Yaro ko yarinya sun ci jarrabawar musayar ɗalibai, fasfo ya fito, biza ta samu, har an aiko da sunayen mutanen da za su sauke su a can ƙetare. Daga nan sai dangi su taru a kan tambaya guda: me za a kai wa waɗannan bayin Allah da za su riƙe mana ɗa har wata goma?

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaramar magana ce. To, mun ga ya dace mu ba ta fili a wannan wata, domin abubuwa da dama sun rataya a kanta. Akwai iyayen da kan ci bashi don gudun kunya. Akwai kayan da akan kashe kuɗi a saya, amma su ƙare a kwandon sharar ma'aikatan kwastan. Akwai kuma yaro ɗan shekara goma sha shida wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba, a ce ranar farko da ya taka ƙasar mutane an ware shi gefe ana yi masa tambayoyi a kan ƙunshin da gwaggonsa ta cusa masa a akwati bai ma sani ba. Rigakafi kuwa ya fi magani.

MU JIKOKIN BAƘI NE

In akwai mutanen da ya kamata su san hakkin mai masauki a ƙasar nan, to mu ne. Kalmar zango kanta tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goro su juya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai jama'a suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara, zanguna suka ƙara yawa a kudu.

A wancan zamani, falke ba ya sauka a gari sai yana da mai gida. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Shi kuma falke ba ya shiga hannu rabbana. Yakan ware wani abu daga kayan garinsu, ko turmin zane ko takalmi ko buzu, ya ce ga tsaraba. Wannan ita ce al'adar da muka gada, shi ya sa har gobe Bahaushe ke jin nauyin shiga gidan mutane ba komai a hannunsa.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata iyaye su lura da shi. Mai gidan Salaga yana samun la'ada a kan cinikin baƙonsa. Mai masaukin ɗalibi kuwa, musamman a Amurka, ba ya samun ko sisi. Dokar ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta hana a biya iyalin da suka sauke ɗalibin sakandare na musaya. Abin da kawai aka yarje musu shi ne su cire dala 50 a kowane wata daga kuɗin da ake yanka musu haraji a kai. Ci da sha da wurin kwana, duk daga aljihunsu. Saboda haka abin da suke nema a wurin yaron shi ne zumunci da sanin wata duniya da ba tasu ba. Wanda ya gane wannan, ya gane irin tsarabar da ta dace.

INDA AKE KAI YARAN

Ƙungiyar AFS, wadda ke da ofis a nan Gana, ta samo asali ne daga 'yan sa-kai da suka tuƙa motocin ɗaukar majiyyata a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma soma musayar ɗaliban sakandare a 1947. Shirin da ya fi shiga zangunanmu shi ne YES, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba na 2001, bisa jagorancin sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Rukunin farko ya tafi a 2003, kuma Gana na cikin ƙasashen da suka aika 'ya'yansu a ƙarƙashinsa. Akwai kuma musayar ƙungiyar Rotary, inda ɗalibi kan zauna da iyali biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya a cikin shekarar.

Wannan bayani yana da amfani wajen haɗa kaya. Wanda zai zauna gida ɗaya, lissafinsa daban da na wanda zai zagaya gida uku. Haka kuma, kafin tafiya akan aiko da takardar da ta bayyana mutanen gidan: sunayensu, shekarun 'ya'yansu, sana'arsu, abin da suke sha'awa, har da kare ko kyanwa in suna da su. A zauna a karanta wannan takarda da kyau kafin a nufi kasuwa. Wani lokaci ba a samun iyalin sai ana gab da tashi, ko kuma a fara sauke yaro a gidan wucin gadi. In haka ta faru, sai a zaɓi kayan da za su yi wa kowa, a bar riguna masu buƙatar awo.

ABIN DA BA ZAI WUCE KWASTAN BA

Bari mu fara da abin da za a bari a gida, tunda nan ne asara ta fi yawa.

Na farko shi ne nama. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, busasshiyar ganda, duk kada a sa su a akwati. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga irin ƙasashenmu ya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su, Ingila ma haka, Amurka ma haka take ƙwace nama daga yawancin ƙasashe. Dalilinsu shi ne cututtukan dabbobi, waɗanda in suka shiga garkunansu sai an hallaka dubban shanu kafin a shawo kansu. Wannan hani ya haɗa da man shanu da cuku a Turai. Naman daji kuwa laifinsa ya fi girma. A 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, aka bi sawunta har zuwa wasu ɓeraye da aka shigo da su daga nan Gana, tun daga lokacin aka ƙara tsananta doka a kan irin waɗannan dabbobi, rayayyu ko matattu.

Na biyu, ɗanyen abin da ƙasa ta fitar. Tun daga Disamban 2019, Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi ya shiga da tsiro ko 'ya'yan itace ko kayan lambu ko iri sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. 'Ya'yan itace biyar kaɗai aka keɓe, daga cikinsu akwai dabino da ayaba da abarba da kwakwa. Nan ne maganar goro ta shigo. A wurinmu babu kyautar girmamawa kamarsa, shi ne na aure, shi ne na suna, shi ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Amma ɗanyen goro a cikin ganye abin tuhuma ne a idon mai bincike, sa'annan ko ya wuce, Bature in ya gutsura sai ya yamutsa fuska don ɗaci. Gara yaro ya tafi da hoton goro da labarinsa.

Na uku, kayan da aka yi da jikin namun dawa. Yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973 ta sa ido a kan cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, kuma a 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Jaka ko takalmi ko ɗamara na fatar kada, ko mesa, ko guza, suna iya jawo ƙwace da tara in babu takardar izini. Ƴan kasuwa ba za su faɗa maka wannan ba, nasu dai su sayar.

Na huɗu, ganga da kalangu masu ɗanyar fata. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York ya kamu da ciwon saifa, irin na shanu, daga fatun da ya shigo da su daga Kwaddibuwa, aka kuma sami makamancin haka a Biritaniya. Saboda haka fatar da ba a jeme ba, mai gashi a jiki, tana jawo bincike. Sassaƙen itace ma a duba kada ya kasance da ɓawo ko ramukan gara.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce faɗin gaskiya. A Amurka za a tambayi matafiyi, ko a takarda ko da baki, in yana ɗauke da abinci ko tsiro ko wani abu na dabba. In ya ce e, mai bincike ya duba ya ga bai halatta ba, sai ya karɓe, shi ke nan. In kuwa ya ce a'a aka samu, to tara ce. A 2018 an ci wata matafiya tarar dala 500 a kan tuffa guda ɗaya da aka ba ta a jirgi ta ajiye a jaka. Don haka a bar yaro ya shirya akwatinsa da hannunsa, ya san duk abin da ke ciki, kada kuma ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na ɗan'uwa ne.

Game da kuɗin fito, baƙon da zai shiga Amurka yana iya riƙe kyaututtukan da ba su wuce dala 100 ba, ba tare da biyan komai ba. A Tarayyar Turai, iyakar kayan matafiyin jirgin sama yuro 430 ce. Wannan ma ishara ce cewa ba a tsammanin ɗalibi ya zo da dukiya.

ABIN DA YA DACE

Tsarabar kirki ana gane ta da alamu kaɗan: ba nauyi, ba ta fashewa, a ƙasarmu aka yi ta, sa'annan yaro zai iya ba da labarinta. Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowane akwati, kuma yaro na da kayan sawa da littattafai. Alamar ƙarshen nan ita ce babba, domin a daren farko, lokacin da harshe ya yi nauyi kowa na jin kunyar kowa, kayan nan ne za su buɗe hira.

Mu fara da namu na gado, wato aikin dukawa. A majemar zangon Tamale har yanzu ana jima da bagaruwa, ana rina ja da karan dafi, kamar yadda ake yi a Kano da Sakkwato. Jakar kuɗi, maƙalin makulli, ƙaramar jakar hannu, ko rigar tumtum da ba a cusa ba wadda za a naɗe ta kwanta a akwati, duk sun dace. Yaro na iya gaya musu cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta fatar jan akuyar Sakkwato ce da raƙuma suka ƙetare Sahara da ita. A dai tabbata fatar ta jemu ta bushe sarai, a shanya ta a inuwa kwana biyu don wari ya fita.

Sai kwandunan Bolgatanga, waɗanda sun riga sun yi suna a shagunan Turai da Amurka, inda ake sayar da su da tsada. Ƙananan sun fi sauƙin ɗauka, kuma in sun lanƙwashe a hanya, a yayyafa musu ruwa a gyara da hannu sai su miƙe. Tunda da ciyawa aka saƙa su, a ambace su in an yi tambaya. Haka mafici da faifai.

A ɓangaren tufafi, batakari na Daboya ko Yendi yana da labari mai daɗi, tunda shi Kwame Nkrumah ya sa a daren 6 ga Maris 1957 da ya shelanta 'yancin Gana. Amma yana da nauyi da tsada, sa'annan mai gidan zai sa shi sau ɗaya ne a ɗauki hoto. Ƙyallen saƙi guda, wanda za a shimfiɗa a tebur ko a rataya a bango, ya fi amfani. Kente na Bonwire ko Agotime ma haka, ɗan siririn tsiri ya wadatar. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun gado na duniya. A kula da bambancin wanda aka saƙa da wanda inji ya buga. In atamfa za a saya, a duba bakin zanen a ga ta GTP ce ko ta Akosombo, domin abin kunya ne a kai wa mutum tsarabar Gana ya juya ya ga an rubuta Sin. Yadi shida ba zai yi wa matar da ba ta da tela amfani ba. A kai wa telan unguwa ya ɗinka rigar matashi, ko jakar cefane, ko rigar girki.

Ga 'yan mata da uwar gida, duwatsun wuya da na hannu na Krobo, waɗanda ake yi da garin kwalba, suna da kyau da araha. Man kaɗanya ma Turawa sun san darajarsa, sai dai a zuba shi a gwangwani mai murfi, a naɗe da leda, a sa a babban akwati, domin tun 2006 ba a barin mazubin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 a jakar hannu a yawancin filayen jirgi. Cakulan Golden Tree da ake yi a Tema na wucewa kwastan cikin sauƙi a Amurka tunda a rufe yake daga masana'anta, ga kuma labarin Tetteh Quarshie da ya kawo koko daga tsibirin Fernando Po a 1879.

Ga yara maza, rigar Black Stars ba ta faɗuwa. In gidan masu son ƙwallo ne, hira ta samu: Gana ta doke Amurka da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2006, ta maimaita a 2010, su kuma suka rama da 2 da 1 a 2014. Allon wasan oware ma yana haɗa iyali a daren sanyi, amma a cire 'ya'yan itacen da ke ciki a bar su a gida, a can a sa duwatsun kwalba a madadinsu.

Akwai kuma tsarabar da ba ta da tsada amma ta fi daɗewa a hannun masu masauki, wato ɗan littafin hotuna. A sa hoton uwa da uba da kakanni, ƙofar gida, makaranta, kasuwar unguwa, hawan sallah, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowane. A haɗa da taswirar Gana da wasiƙar godiya daga iyaye, ko da wani ne ya rubuta musu da Turanci suka sa hannu. Matar da za ta riƙe ɗan wata tana son ganin fuskar wadda ta haife shi.

Har wa yau, akwai tsarabar da babu ma'aikacin kwastan da zai iya ƙwacewa, ita ce iya girki. Wace, wanda duk Gana ke ci a yau, sunansa daga shinkafa da wake ya fito, tuwon zafi da koko da ƙosai ma daga zango suka bazu. Wake da shinkafa da albasa da tumatir duk ana samunsu a shagunan can. Kafin tafiya, a shigar da yaro madafa, namiji ne ko mace, ya ƙware a abinci biyu ko uku. Ranar da ya ciyar da gidan da hannunsa, ya tashi daga baƙo ya koma ɗan gida.

LAFIYA DA ADDINI

Akwai mutane da yawa a Turai da Amurka, musamman yara, waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har takan kai ga toshewar numfashi da asibiti. Dokar Amurka ta wajabta a rubuta a jikin kayan abinci in akwai gyaɗa a ciki, kuma daga 2023 an ƙara riɗi a jerin. Ƙuli-ƙuli, yajin tsire, alewar gyaɗa da kantun riɗi duk sun shiga wannan layi, haka shito saboda jatan landen da ke ciki. Kada yaro ya ba kowa irin waɗannan sai ya tambaya. Barkononmu kuma a yi gargaɗi kafin a ɗanɗana.

Wasu iyaye, da kyakkyawar niyya, sukan so a kai Alƙur'ani ko allo mai ayoyi ko darduma. Muna ba da shawarar a dakata. Yawancin masu masaukin ba Musulmi ba ne, ba su san ladubban riƙe waɗannan abubuwa ba, ana iya ajiye su a ƙasa ko inda kare ke kwana, ran yaro ya ɓaci alhali ba laifinsu ba ne. Wani kuma zai ɗauka an zo yi masa wa'azi tun ranar farko, shirye-shiryen musaya kuwa sun hana kowane ɓangare matsa wa ɗaya a kan addini. Yaro ya riƙe nasa don ibadarsa. In sun ga halinsa sun yi tambaya, ya amsa da ladabi. In ana son wani abu mai rubutunmu, malamin unguwa na iya rubuta sunayen mutanen gidan da ajami a takarda mai kyau, abu ne da kan burge su ƙwarai.

YADDA AKE MIƘAWA

A wurinmu akan aika kyauta ta hannun yaro, a ba shi tukuici, mai karɓa ya ajiye a ɗaka sai baƙo ya tafi ya duba, kashegari ya zo godiya. A Amurka da yawancin Turai kuwa hannu da hannu ake bayarwa, nan take za a buɗe a gabanka, a yi ta yabo, wani ma ya rungume ka. Kada yaro ya ga kamar zalama ce. Shi ma in an ba shi, ana sa ran ya buɗe a wurin ya nuna murna a fuska, in ya ajiye gefe sai su zaci bai so ba. Suna kuma son a naɗe kyauta a takarda mai ado, amma kada a naɗe tun daga nan, masu bincike na iya yagewa. In Japan aka tura yaro, ya miƙa da hannu biyu, ya guji abu huɗu domin lafazin huɗu a harshensu ya yi kama da na mutuwa. A Sin ba a kyautar agogon bango. A Faransa da Italiya akwai furen da ake kai wa makabarta kawai, don haka a yi tambaya kafin a sayi fure. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka.

Kada kuma a juye akwati duka a daren farko. Shekara tana da tsawo. A Amurka akwai bikin godiya a ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, akwai Kirsimeti inda kowa a gida ke ba kowa kyauta, yaron da ba shi da abin bayarwa kuwa yakan ji ya zama saniyar ware. Akwai ranakun haihuwa, da ranar uwa a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Ga malaman makaranta, ga jami'in shirin da ke kula da shi a garin, ga maƙwabcin da ke kai shi masallacin Juma'a a mota. Ƙananan abubuwa ashirin sun fi babban abu guda amfani. Ranar sallah kuma, shi ya kamata ya ba su goron sallah, ya bayyana musu ma'anarsa. A ware wani abu mai kyau a ɓoye don ranar bankwana.

KADA A CI BASHI

Mun san halinmu na gudun a ce mun gaza. Amma kyauta mai tsada tana iya zama nauyi a kan wanda aka ba. Mutanen nan sun san yaron tallafi ya samu, in suka ga an kawo musu sarƙar zinariya ko babbar riga mai aiki, sai su shiga damuwar yadda za su rama, wasu ma su yi shakkar ko iyalin na da buƙatar tallafin. Kuɗin da za a ƙona a nan, gara a ba yaro ya sayi rigar sanyi da takalmin ƙanƙara in ya isa, domin sanyin Janairu a arewacin Amurka ko Jamus ba irin hunturunmu ba ne. In dangi na son sa hannu, kowa ya kawo abin da ya iya: tela ya ɗinka, baduku ya yi jaka, mai hoto ya wanke hotuna.

Daga ƙarshe, muna da kira ga dangi game da tsarabar dawowa. Ɗalibin musaya ba ma'aikaci ba ne. Bizarsa a Amurka ba ta ba shi izinin aiki ba, in ban da ɗan rainon yara ko sharar farfajiya jefi-jefi, kuɗin kashewar da ake ba shi kuma na sabulu da littafi ne. Yaron da ake bugo wa waya kowane mako ana lissafa masa wayar salula da kwamfuta da agogo, hankalinsa zai bar karatu, wani ma har ya kai ga roƙon masu masaukinsa, abin da zai zubar da mutuncinsa da namu, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa masu zuwa. Iyalin da suka ji daɗin ɗan zango guda su ne za su sake neman wani baɗi, su kuma gaya wa maƙwabta.

Saboda haka, iyaye, bayan an ɗaure akwati, a zaunar da yaro a tuna masa abin da ya riga ya sani: gaisuwa da safe, gyara shimfiɗa, wanke kwanon da ya ci, neman izini kafin fita, da cewa na gode a kan ƙaramin abu da babba. Kwando zai tsufa, cakulan zai ƙare a mako guda, amma waɗannan za su bi shi har ranar da za a raka shi filin jirgi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya haɗa su da masu masauki nagari, ya dawo mana da su da ilimi mai amfani, amin.